Kwana Bakwai Kafin Suna: Mace-macen Jarirai da Giɓin Kiwon Lafiya a Ƙananan Hukumomin Kudan da Maƙarfi da Ikara

Tsakure

Wannan takarda ta dubi dalilin da ya sa mace-macen jarirai sabbin haihuwa suka ƙi raguwa a arewacin Jihar Kaduna, alhali na yaran da suka ɗan tasa suna raguwa. An taƙaita nazarin ga ƙananan hukumomin Kudan da Maƙarfi da Ikara. An dogara da alƙaluman binciken lafiya na ƙasa daga 2008 zuwa 2024, da ayyukan masana da aka gudanar a ƙasar Zazzau, da sakamakon shirin raya ƙauyen Pampaida na Ikara. Nazarin ya nuna cewa haɗarin ya taru a makon farko na rayuwa, a cikin gida, kuma ya fi afka wa 'ya'yan mata talakawa da waɗanda ba su yi karatun zamani ba. Takardar ta kafa hujjar cewa giɓin zai ragu ne idan aka kai kulawa ɗakin mai jego tun kafin ranar suna, aka haɗa ta da abin hawa na gaggawa da asibitin da ke iya ceton rai.

1.0 Gabatarwa

Kudan da Maƙarfi da Ikara suna kan iyakar arewa ta Jihar Kaduna, a cikin masarautar Zazzau. Ƙidayar 2006 ta ba Kudan, mai hedikwata a Hunƙuyi, mutum kimanin 139,000, Maƙarfi kimanin 146,000, Ikara kuwa kimanin 194,000. Yanki ne na manoma da ya yi suna wajen rake da tumatur da masara. Ta fuskar cibiyoyin lafiya ba za a kira shi maraya ba: akwai asibitocin gwamnati a Hunƙuyi da Maƙarfi da Ikara, akwai makarantar horar da ma'aikatan lafiya ta Shehu Idris a Maƙarfi, ga kuma Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika. Wannan kusanci da ilimin likitanci shi ya sa yankin ya dace da tambayar da ke gabanmu. In har cibiyoyi suna nan, me ya hana amfaninsu ya isa ga jaririn da aka haifa a ƙauyen da ke bayan Likoro ko Gubuci ko Saulawa?

1.1 Manufar Takarda

Manufar ita ce a gano lokaci da wuri da rukunin jama'ar da mutuwar jarirai ta fi shafa, a auna shirye-shiryen da aka gwada, sannan a fitar da tsarin da ƙananan hukumomin uku za su iya ɗauka da abin da ke hannunsu.

1.2 Ma'anar Kalmomin Fannu

A wannan takarda, mace-macen jinjirai na nufin mutuwa a cikin kwana 28 na farko. Mace-macen jarirai na nufin mutuwa kafin cika shekara ɗaya, mace-macen ƙananan yara kuwa kafin cika shekara biyar. Ana lissafa kowanne a kan haihuwa 1,000 da aka yi da rai. Giɓin kiwon lafiya shi ne bambancin rayuwa da mutuwa tsakanin rukunonin jama'a wanda ya samo asali daga dukiya ko ilimi ko wurin zama, kuma ana iya kauce masa.

2.0 Waiwaye a kan Ayyukan da Suka Gabata

Ƙasar Zazzau na cikin wuraren da aka fi nazarin haihuwa a Afirka ta Yamma. A rukunin farko na masana, Kelsey Harrison ya bibiyi haihuwa 22,774 a asibitin Zariya tsakanin 1976 da 1979, aka wallafa sakamakon a 1985. Ya gano cewa mutuwar uwa da ta jariri ta fi yawa ƙwarai a tsakanin matan da ba su yi awon ciki ba, waɗanda aka kawo bayan al'amari ya riga ya ɓaci, ya kuma ɗora babban alhakin a kan talauci da rashin karatun mata. Wannan ya yi daidai da abin da John Caldwell ya nuna a 1979 da alƙaluman Ibadan da kewaye, cewa karatun uwa na cikin mafi ƙarfin abubuwan da ke rage mutuwar yara. A 1978 kuma Davidson da Parry sun danganta ciwon zuciyar masu jego da ya yawaita a Zariya da wankan jego da kwanciya a gadon wuta da shan kunun kanwa.

Rukuni na biyu na masana ya mayar da hankali ga zamantakewa. Thaddeus da Maine a 1994 sun kawo ra'in jinkiri uku: jinkirin yanke shawarar neman taimako, jinkirin isa asibiti, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. Lewis Wall a 1998 ya yi bayanin yadda kunya da auren wuri da jiran izinin maigida ke haddasa jinkirin farko a tsakanin Hausawa. Fapohunda da Orobaton a 2013 sun nuna cewa a binciken ƙasa na 2008, kusan haihuwa ɗaya cikin biyar a Nijeriya an yi ta ba kowa a tare da mai naƙuda, kuma kashi 94 cikin ɗari na irin wannan haihuwa a Arewa suke.

Rukuni na uku ya gwada kai magani cikin al'umma. Abhay Bang da abokan aikinsa a Gadchiroli ta Indiya sun ba da rahoto a 1999 cewa ziyarar gida da matan ƙauye masu horo ke yi ta rage mace-macen jinjirai da kashi 62 cikin ɗari. A kewayen Zariya, Prata da Ejembi da sauransu sun nuna a 2012 cewa ana iya raba ƙwayar misoprostol ga mata masu haihuwa a gida don hana zubar jini, ta hannun ungozomomi da mutanen gari. Giɓin da ke cikin waɗannan ayyuka shi ne yawancinsu sun fi karkata ga ran uwa da sa'ar naƙuda, sun bar kwanakin da ke biye da haihuwa ba tare da isasshen nazari ba. Nan wannan takarda ta sa gaba.

3.0 Hanyar Gudanar da Nazari

An bi hanyar nazarin rubutattun bayanai. Tushe na farko shi ne Binciken Lafiya da Yawan Jama'a na Nijeriya, wanda Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ke gudanarwa, zagayen 2008 da 2013 da 2018 da na 2023 zuwa 2024. An tsara wannan bincike ne don ya ba da alƙaluman ƙasa da shiyya da jiha, ba ya sauka zuwa ƙaramar hukuma, saboda haka an ɗauki alƙaluman Jihar Kaduna da na Arewa maso Yamma a matsayin madubin yankin. Tushe na biyu shi ne gwaje-gwajen da aka wallafa a mujallun likitanci, an fifita waɗanda aka yi a Zazzau ko a wurare masu kama da ita. An ɗora nazarin a kan ra'i biyu: na jinkiri uku da aka ambata, da na Julian Tudor Hart na 1971, mai cewa samuwar kulawa mai inganci takan yi ƙaranci daidai inda aka fi buƙatarta.

4.0 Nazari

4.1 Lokacin da Mutuwar Ta Taru

A 2008 mace-macen ƙananan yara a Nijeriya sun kai 157 cikin 1,000. Sun sauka zuwa 128 a 2013, suka koma 132 a 2018, sannan suka sauka zuwa 110 a zagayen ƙarshe. Mace-macen jinjirai kuwa a waɗannan zagaye huɗu sun kasance 40, 37, 39 da 41. Ke nan a cikin shekara goma sha biyar lambar farko ta ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku, ta biyu ba ta motsa ba. A 2008 jinjirai su ne kusan rubu'in yaran da ke mutuwa kafin shekara biyar. A zagayen ƙarshe sun haura sulusi. Idan aka dubi shekarar farko kaɗai, 41 daga cikin 63 da ke mutuwa ba sa cika wata guda. A Jihar Kaduna, zagayen 2018 ya nuna mace-macen jinjirai 63 da na jarirai 97, lambobin da suka zarce na shiyyar Arewa maso Yamma, wato 46 da 80. Burin da Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa wa ƙasashe zuwa 2030 shi ne 12 ga jinjirai da 25 ga ƙananan yara.

Dalilin wannan rarrabuwa a fili yake. Manyan nasarorin shekarun nan duk sun shafi yaron da ya wuce makonnin farko. Allurar rigakafi mai haɗe da cututtuka biyar, wadda aka shigo da ita a 2012, da ta ciwon huhu ta 2014, da ta gudawa ta 2022, ana fara su ne daga mako na shida. Maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro da ake rabawa gida-gida da damina na yara ne daga wata uku zuwa wata 59. Abubuwan da ke kashe jinjiri daban suke: haihuwar bakwaini da ƙarancin nauyi, shaƙewa lokacin naƙuda, da shigar ƙwayoyin cuta cikin jini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan kashi 75 cikin ɗari na mace-macen jinjirai a makon farko suke faruwa, kaso mai yawa daga ciki a ranar haihuwa. Ba a magance irin waɗannan da gangamin rabon magani na ɗan lokaci. Suna buƙatar wani mai sani ya kasance kusa a daidai sa'ar da abin ya taso.

4.2 Waɗanda Mutuwar Ta Fi Shafa

Zagayen 2018 ya raba gidaje kashi biyar bisa dukiya. A kashi mafi talauci yara 173 cikin 1,000 ke mutuwa kafin shekara biyar, a mafi wadata 53, wato ninki uku da ɗoriya. 'Ya'yan matan da ba su yi karatun zamani ba 170 ne, na waɗanda suka wuce sakandare 56. Karkara 157, birni 92. A Arewa maso Yamma haihuwa 16 cikin ɗari kacal aka yi a asibiti, alhali a ƙasa baki ɗaya 39 ne. Mace mai zama a ƙauyen Kudan ko Ikara, matar ƙaramin manomi, wadda aka aurar kafin ta gama firamare, ta haɗa dukkan waɗannan alamomi a jikinta.

Giɓin yana nan har a cikin ƙaramar hukuma ɗaya. Matar ma'aikaci a garin Maƙarfi ko matar ɗan kasuwa a Tashar Yari, a bakin titin Zariya zuwa Kano, tana iya isa asibiti cikin ɗan lokaci. Wadda ke ƙauyen da sai an ratsa fadama, da damina tana iya kwana da naƙuda kafin a sami babur. Damina kuwa ita ce lokacin da rumbu ya yi ƙasa, kuɗi ya tafi ga taki, zazzaɓi ya yi yawa, mazaje suna gona. Ra'in Tudor Hart ya bayyana a nan: duk sabon abin da aka ajiye a cibiyar lafiya, na kusa da mai hali su ke fara cin moriyarsa. Shi ya sa matsakaicin adadi na ƙaramar hukuma zai iya gyaruwa alhali giɓin na ƙara faɗi.

4.3 Abin da Ke Faruwa a Ɗakin Mai Jego

Tsakanin haihuwa da suna, mai jego da jaririnta ba sa fita. A al'ada, ungozoma takan zo ne bayan ɗa ya faɗo, ta yanke cibi, ta yi wanka, ta binne mabiyiya. Ke nan a daƙiƙun farko, lokacin da jaririn da bai yi kuka ba ke buƙatar a tsane shi, a goge bayansa, a taimaka masa da numfashi, sau da yawa ba kowa a wurin. Daga nan sai wanka nan take, wanda ke jawo wa bakwaini sanyin jiki ko da a lokacin zafi. A wasu gidaje ana zubar da dakashi bisa zaton ƙazanta ne, a ba jariri ruwa ko jiƙo kafin nono ya kawo, alhali dakashi shi ne kariyarsa ta farko daga cuta. Ana gasa cibi da tsumma ko kasko, wasu su shafa man goge baki ko wani abu daban. A kwanakin ne kuma wanzami ke zuwa cire beli. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ƙofa ce ta shigar cuta ko zubar jini. Ciwon shawara kan bayyana a wannan mako, a ɗaki mai duhu kuwa ba a cika ganin ido ya yi ɗorawa ba sai ta yi nisa.

Akwai kuma al'adar goyon ciki, inda mai cikin fari ke komawa gidan iyayenta ta haihu. Al'adar tana ba yarinya kulawar mahaifiyarta, amma tana da illa ga tsarin rajista: wadda ta yi awo a Hunƙuyi tana iya haihuwa a wani ƙauye na Maƙarfi ko ma a Jihar Kano, cibiyar da ta san ta ba ta san ta haihu ba, wadda ke kusa da ita kuma ba ta san da zamanta ba. Masu cikin fari 'yan ƙasa da shekara ashirin kuwa suna cikin rukunin da jariransu suka fi shiga haɗari. Haka nan jaririn da ya rasu kafin suna akan yi masa sutura a binne shi ba tare da ya shiga kowane littafi ba, don haka hukuma ba ta ganin girman asarar.

Bai kamata a ɗauki wannan bayani a matsayin zargin al'ada ba. Zaman jego tsari ne na kula da uwa: ana hutar da ita daga aiki, ana ciyar da ita, mata na kewaye da ita. Abin da ya rasa shi ne ido mai horo. Kuma tun da mai jego tana wuri ɗaya sananne har kwana bakwai, samunta ya fi sauƙi a wannan mako fiye da kowane lokaci.

4.4 Darasin Pampaida

A 2006 aka fara shirin Ƙauyukan Ƙarni a Pampaida ta Ƙaramar Hukumar Ikara, ɗaya daga cikin wurare goma na Afirka da masanin tattalin arziki Jeffrey Sachs da Jami'ar Columbia suka jagoranta har zuwa 2015. Shirin ya haɗa noma da makaranta da ruwa da lafiya. A ɓangaren lafiya, tsarinsa ya ƙunshi cire kuɗin magani a cibiya, da ɗaukar ma'aikatan lafiya masu albashi da ke bin gidaje, da tanadin hanyar kai marar lafiya babban asibiti. Shirin ya sha suka. Clemens da Demombynes sun nuna cewa ba a tanadi ƙauyukan kwatanci tun farko ba, kuma an tilasta gyara wani iƙirari da aka wallafa a mujallar The Lancet a 2012 game da saurin raguwar mutuwar yara. Tantancewar ƙarshe da Mitchell da abokan aikinta suka fitar a 2018 ta gano cewa a wuraren goma an cim ma kusan sulusin buƙatun da aka sa gaba, an sami ci gaba a ma'aunai 30 cikin 40, kuma lafiyar mata masu haihuwa na cikin fannonin da aka fi samun nasara, alhali ba a ga wani tasiri na a-zo-a-gani ba a kan talaucin da ake aunawa da abin da gida ke kashewa.

Darasi biyu ne a nan. Na farko, amfani da hidimar haihuwa yana iya ƙaruwa tun kafin talauci ya gushe, muddin an cire kuɗi kuma ma'aikaci ya je gida. Na biyu, shirin da ya dogara da kuɗin waje yana da wa'adi, don haka sai an sa ma'aikatan bin gidaje cikin kasafin jiha da na ƙaramar hukuma. Tarihin shirye-shiryen tarayya ya ƙarfafa wannan. Shirin tura ungozomomin asibiti karkara na 2009, bisa tantancewar Okeke da abokan aikinsa, ya ɗan ƙara zuwa awon ciki amma bai kawo canji mai yawa ba a yawan haihuwa a hannun ƙwararru. Ajiye ma'aikaciya a cibiya bai wadatar ba idan hanyar da ke tsakanin cibiyar da ɗakin haihuwa a yanke take.

4.5 Tsarin da Hujjoji Suka Nuna

Kayan aikin da ake buƙata sanannu ne, kuma an gwada da yawa daga cikinsu a Nijeriya. Man chlorhexidine na shafa wa cibi, Jihar Sakkwato ta fara raba shi a faɗin jiha a 2013, gwamnatin tarayya ta fitar da tsarin yaɗa shi a 2016. Ɗora bakwaini a ƙirjin uwa fata da fata, dabarar da aka faro a Bogota a 1978, wani gwaji da aka wallafa a 2021, wanda asibitin Ile-Ife ke ciki, ya nuna fara ta nan take na rage mutuwar jarirai masu nauyin kilo 1 zuwa 1.8 da kashi 25 cikin ɗari. Zariya na cikin wuraren da aka gwada sauƙaƙan magungunan kashe ƙwayoyin cuta ga jinjiran da iyayensu ba za su iya zuwa babban asibiti ba, gwajin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta dogara da shi wajen fitar da ƙa'idarta ta 2015; daga baya Wammanda da abokan aikinsa suka nuna ana iya aiwatar da ƙa'idar a ƙananan cibiyoyin karkarar Zazzau. Hukumar ta kuma tsara a duba uwa da jariri cikin sa'a 24, da rana ta uku, da tsakanin rana ta bakwai da ta goma sha huɗu, da mako na shida, a kuma jinkirta wankan jariri har kwana guda. Abin da ya rage shi ne haɗa waɗannan a hannun mace mai horo da ke zaune a garin, wadda za ta shiga ɗakin mai jego da ma'aunin zafi da sikeli da waya.

5.0 Suka da Amsoshinsu

Suka ta farko ita ce kai kulawa gida zai ƙarfafa haihuwa a gida, alhali manufar ƙasa ita ce kowace mace ta haihu a asibiti. Amsa ita ce haihuwa a hannun ƙwararru ita ce manufa, kuma mai bin gidaje tun lokacin ciki ita ce ta fi kowa iya shawo kan iyali su shirya mata. Sai dai inda mata fiye da 80 cikin ɗari ke haihuwa a gida, kamar yadda zagayen 2018 ya nuna a Arewa maso Yamma, tsarin da ya jira su a cibiya ya bar mafi yawan jarirai ba kulawa. Bugu da ƙari, binciken Gabrysch da abokan aikinta na 2019 a kan ciki fiye da 119,000 a Ghana ya nuna cewa haihuwa a cibiya ba ta rage mutuwa sai in cibiyar tana iya aikin gaggawa. Gyara cibiya ɗaya a kowace mazaɓa daga cikin 255 na jihar, wanda gwamnatin Kaduna ta sa gaba tun zamanin Malam Nasiru El-Rufa'i, mataki ne mai kyau, amma ƙimarsa na ga ko akwai ungozoma da dare, da wuta, da na'urar taimakon numfashi.

Suka ta biyu ta fi nauyi. Nasarar Gadchiroli ba ta maimaitu da girmanta ba a wasu wurare. Gwajin Newhints na Ghana, wanda aka wallafa a 2013, ya sami raguwar kashi 8 cikin ɗari kawai, da aka haɗa shi da makamantansa aka sami kimanin 12. Wannan gaskiya ne, kuma ya kamata ya hana mu yin alkawarin da ba za a cika ba. Amma bambancin yana da dalili: a Gadchiroli ma'aikatan suna halartar haihuwa, suna ba da magani, ana kuma duba aikinsu a kai a kai, a wasu wuraren 'yan sa-kai ne masu ba da shawara kawai, suna tura jarirai asibitocin da ba su shirya karɓarsu ba. Abin da wannan ke koyarwa shi ne ziyara ba ta tsayawa ita kaɗai, sai da albashi da sa ido da asibitin da ke amsawa.

Suka ta uku ita ce tushen matsalar talauci ne da rashin karatun mata, sauran duk kwaskwarima ce. Harrison da Caldwell sun tabbatar da muhimmancin karatu, kuma babu tsarin da zai ɗore ba tare da riƙe 'yan mata a makaranta ba. Sai dai yarinyar da ta shiga aji ɗaya bana sai bayan shekara goma sha biyu za ta gama sakandare, jariran da za a haifa a tsakani kuwa ba za su jira ba. Ayyukan biyu tare suke tafiya.

Suka ta huɗu ta shafi karɓuwa: ko magidanta za su bar baƙuwa ta shiga ɗakin jego? Yaƙin da aka yi da shan inna, wanda ya kai ga tabbatar da kawar da ƙwayar cutar ta daji daga Afirka a 2020, ya nuna cewa gidajen Arewa suna buɗewa ga mata 'yan gari idan sarakuna da malamai suka tsaya. Kare rai na cikin manyan manufofin shari'a, shayarwa ta shekara biyu kuma tana da asali a Alƙur'ani, don haka limamai na da abin faɗa daga cikin addini.

6.0 Shawarwari

Na ɗaya, hukumar kula da lafiya a matakin farko ta jihar ta ɗauki ziyara uku kafin suna, a rana ta ɗaya da ta uku da ta bakwai, a matsayin ma'aunin aikin kowace cibiya a ƙananan hukumomin uku, a fara da mazaɓu mafi nisa da titi. Na biyu, a ɗauki mata 'yan asalin ƙauyukan, a horar da su a Maƙarfi, a biya su daga kasafin jiha da kuma asusun kula da lafiya na matakin farko da Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta kafa. Na uku, a mayar da ungozomomi da wanzamai abokan aiki: su sanar da haihuwa cikin sa'o'i, su raka mai naƙuda cibiya, a ba su ɗan hasafi a madadin abin da za su rasa. Na huɗu, kowane gari ya ajiye jerin direbobi da 'yan acaɓa na gaggawa tare da asusun mai, kamar yadda aka gwada da ƙungiyar direbobi ta ƙasa a jihohin Arewa da dama. Na biyar, asibitocin Hunƙuyi da Maƙarfi da Ikara su sami ɗakin kula da bakwaini, da iskar numfashi, da fitilar maganin shawara, da jini a kowane lokaci, a yi amfani da tashar jirage marasa matuƙa ta Zipline da ke Pambeguwa wajen kai kayan gaggawa. Na shida, masu unguwanni da dagatai su riƙa rubuta kowace haihuwa da kowace mutuwar jinjiri, har da wanda aka haifa ba rai, katin awo kuma ya bi mai goyon ciki duk inda ta tafi.

7.0 Kammalawa

Takardar ta nuna cewa ci gaban da aka samu a lafiyar yara ya tsallake kwana 28 na farko, cewa nauyin ya fi faɗa wa gidajen talakawan karkara, kuma shirye-shiryen da suka tsaya ga gini da tura ma'aikata cibiya ba su rufe giɓin ba. Magungunan da dabarun suna nan, an gwada wasunsu a ƙasar Zazzau kanta. Saboda haka ana kira ga gwamnatin Jihar Kaduna da shugabannin ƙananan hukumomin Kudan da Maƙarfi da Ikara da masarautar Zazzau su amince da ma'auni ɗaya da za a riƙa bayyanawa mazaɓa-mazaɓa kowane wata uku: jarirai nawa aka haifa, nawa ma'aikaciyar lafiya ta gani cikin kwana biyu na farko, nawa kuma suka cika wata guda da rai.